Farin da Ke Cizo

A Colchani, bakin filin gishiri,
ƙasa fara ce fat har inda gani ya ƙare.
Rana ɗaya ce a sama,
amma biyu muke sha:
ɗaya ta doke mu a ka,
ɗaya ta taso daga ƙarƙashin ƙafa ta shige ido.

Babana Severino kan dawo da yamma,
shebur a kafaɗa, hannu na laluben ƙofa,
idanu jawur kamar garwashi,
hawaye na zuba, ba kuwa kuka yake ba.
Ya ce kamar an ɗura masa yashi an murza.

Kaka Eulogia ba ta tambaya.
Sai ta ciro ƙullin da ke rataye bisa murhu,
busassun furanni ƙanana, masu rawayan ciki,
manzaniya muke kiransu.
Ta tafasa ruwa har ya yi kuka,
ta zuba yatsa uku, ta rufe da faranti,
ta tace da ƙyallen da ba ya taɓa komai sai wannan aiki,
ta bar shi ya huce a bakin taga.
"Rufe," in ji ta. "A kan fata, ba ciki ba."
Ta ɗora ƙyalle a kan ƙyalle,
wani dare har da yankan ɗanyen dankali,
ta hure fitila.
Gidan duka ya zauna cikin duhu saboda mutum ɗaya.
Ciwon ido sai haƙuri, haka take cewa,
da safe kuwa Baba ya ga hanyarsa.

Shekarar da lamarmu ta haifi baƙin ɗa
ƙanena Isidro ya wayi gari ido a liƙe.
Kwantsa ce, kauri gare ta, rawaya-rawaya,
a goge ta dawo, a goge ta dawo.
Kaka ta dafa furenta.
Kwana ɗaya. Kwana biyu.
Maƙwabciya ta zo da nata sani,
ta ce a ɗiga masa ruwan lemun tsami.
Kaka ta raka ta har ƙofa, ta sa sakata.

Daren na uku na farka na same ta zaune,
ƙullin na hannunta, tana jujjuya shi
kamar mai sauraron abin da zai ce.
Ta ce, ba da ni take ba,
"Wutar rana ka sani. Wannan ba baƙonka ba ne."

Kafin asuba ta naɗe bargon aurenta,
wanda ta saƙa da ulu ja da toka-toka,
ta ba direban motar gishiri a madadin kuɗi.
Muka hau bisa buhuna, sanyi na yankan kunne,
Isidro a cinyarta, har asibitin Uyuni.

Kwalbar da suka ba mu ba ta kai ɗan yatsa ba.
Kaka ta ɗaga ta, ta kalla, ta taɓe baki.
Amma ita ta riƙe lokacin:
ba ta iya karanta agogo ba,
sai ta ja layi huɗu da gawayi a bango,
inuwa na taka layi, ta wanke hannu, ta ɗiga.
Ranar shida yaro ya ƙirga tantabaru a kan rufi,
bai ɓata ko ɗaya ba.

Yau ina da baƙin tabarau, Isidro na tuƙa baƙi cikin farin fili.
Ita kuwa yana ta rufe mata idanu a ƙarshe,
ba fure, ba kwalba.
Nakan dafa mata manzaniya duk da haka.
Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta shinshina,
ta ce, "Kin cika ruwa,"
sannan ta shanye.