Takalmi Mai Yatsu

A gwanjon Ƙofar Wambai na tsinto shi,
yatsu biyar, kowanne da ɗakinsa.
Nazifi ya kwashe da dariya:
"Yau kwaɗo ya zo ɗaga ƙarfe a Tarauni!"

Na sunkuya da kilo sittin a wuya.
Tafin ƙafa ya ji siminti,
yatsu suka baje, suka damƙi ƙasa
irin ta kakana a bakin karofi.
Na miƙe, gwiwa ko gezau.

Amma kan injin gudu
dunduniya ta kai ƙara,
sha-raɓa ta kwana tana zagina.
Kwana uku ina ɗingisawa zuwa masallaci.

Nazifi ya ce, "To, yaya?"
Na ce, ranar ƙarfe, sai shi.
Ranar gudu kuwa,
ara mini kambas ɗinka.