Ɗinki Ba Wuta

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke ƙarfe da wuta
a bayan kasuwar Faringada,
har idanuna suka koyi zubar da hawaye ba a yi mutuwa ba.
Da dare Kande kan yanka ɗanyen dankali
ta ɗora mini a kan fatar ido,
ta ce: kwanta, maƙerin da ya ƙone kansa.

Ranar Talata Hashimu ya shigo da motarsa,
tsohuwar gingimari mai dakon dankali daga Bokkos.
Tsatsa ta ci gindin ƙofa, ta ci saman taya,
ci irin na gara, daga ciki, ba sallama.
Na sa yatsa, yatsa ya wuce.

Kwanon ya yi laushi kamar ganyen kabeji.
In na kai masa wuta, ramin baki zai ƙara buɗewa,
ga tankin mai a kwance kusa, yana saurare.
Kwana uku ba lantarki,
janareta kuwa ya fi ni jin yunwa.

Sai Davou, yaron da na koya wa riƙon guduma,
ya zaro bututu biyu daga aljihu.
Ya ce: Oga, a gwada gam.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Gam? Mota ce fa, ba silifa ba.
Bai tanka ba. Ya ɗauki almakashi
ya yanke ruɓaɓɓen wurin har inda ƙarfe ke da rai,
ya bi shi da samfefa, ya bi, ya sake bi,
sai da ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo.
Ya goge maiƙo sau biyu.
Ya ce abin nan ba ya riƙe datti,
in ka ɓoye masa tsatsa, shi ma zai sake ka a hanya.

Fari da baƙi ya cuɗa, suka koma ruwan toka.
Ya shafa, ya ɗora sabon faranti,
ya matse da maɗauri shida.
Na ce: sai kuma me?
Ya ce: sai jira.

Jira!
Ni da na saba ƙarfe ya yi ja, ya yi kuka,
ya haɗu nan take a gaban idona.
Ba tartsatsi, ba hayaƙi,
ba yaran unguwa masu leƙe ta tsakanin yatsu.
Sanyin Jos ma ya sa baki:
wai sai ya kwana kafin ya kama.
Davou ya lulluɓe wurin da tamfol kamar mai jego.

Na koma gida rigata ba sabon huji.
Kande ta sunsuna ni, ta ce: yau ka je aiki kuwa?
Dankalin da ta yanka, a miya ya ƙare.

Ban yi barci ba.
Kafin assalatu na fita da ƙaramar guduma,
don in riga yaron ganin kunyarsa.
Na ɗaga tamfol. Na ƙwanƙwasa.
Ƙarfen ya amsa da murya ɗaya.
Na ƙara, da ƙarfi, da ɗan haushi.
Murya ɗaya.

Ashe yana bayana, da shayi kofi biyu.
Ya ce: Oga, shasin ma ya tsage ta baya,
can kam gam ba shi da ta cewa, sai wutarka.
Na karɓi shayin. Ban dube shi ba.

Mako uku ke nan.
Hashimu kan wuce da lodi, ya danna mini oda,
facin yana nan, ruwan Agusta na dukansa.
Bututun da ya ƙare na jefa shi gwangwanin sandunan walda,
ban san dalili ba.

Masu tambaya ina ce musu: a bari tukuna,
damina biyu, sannan in yi magana.
Amma jiya da yamma, da yaron ya tafi sayen burodi,
na ɗauki guntun kwano biyu
na cuɗa fari da baƙi da hannuna.