Wace Zariyar?

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ya ratsa ta kan Dakace, ko sallama bai yi mana ba.
Iska kawai ya bar mana,
ta kwashe wa Uwani shanyar kuɓewa
ta watsa a tsakar gida.

Da magariba Barau ya kira daga Bomo.
Ban ji muryarsa sosai ba,
kwanon rufinsa ne ke ta magana.
"Tanimu, kuna samu kuwa? Nan har kunyoyi sun shafe!"
Na ɗaga wayar sama
don ya ji irin namu shirun.

Zani ɗaya ya goya mu.
Irin masara ɗaya muka raba, tiya uku-uku.
Tsakanina da shi mota biyu ce,
ka sauka Kwangila ka hau wata.
Tasa ta wuce gwiwa.
Tawa ta naɗe ganye
kamar mai ɓoye hannu a kasuwa.

Da safe rediyo ya ce an sha ruwa a Zariya.
Wace Zariyar?
An ce akwai mai leƙa gwangwanin awo a Samaru,
kullum safiya ya rubuta lamba a littafi.
Abin da ya faɗa gwangwaninsa
shi ne ruwanmu, mu duka.
Da ma zai zo ya tsoma yatsa a kunyata
ya rubuta wannan ma.

Amma kada in yi butulci.
Bara mu aka yi wa.
Kwana tara ba mu ga rana ba,
Galma ta cika ta hauro fadama,
ta ci rabin shinkafata,
katangar bayan gida ta zauna.
A makon nan Barau yana duban sama,
gyaɗarsa na kiran ruwa da baki buɗe.
Da kaka ni na aika masa buhu.

Wani ɗan acaɓa ya rantse mini
ya taɓa taka iyakar ruwa wajen Hanwa:
tayar gaba a jiƙe,
ta baya ko ɗigo.

Ga wani can yana haɗowa bayan tsamiya.
Uwani ta jera bokiti a ƙarƙashin indararo,
ba ta kwashe shanya ba tukuna.
Wayata na aljihu.
Ban san wanda zai kira wani ba yau.