Mabuɗi na Biyu

Shekara shida nake tuƙa Depite Nomau,
na san tarinsa, na san shirunsa.
Daga Yamai zuwa Maraɗi bai ce uffan ba
sai a Dogon Dutsi, da ya nemi ruwa,
takardu a cinya, tabarau a karan hanci,
jan biro yana ta cin gefen shafi.

Kwamitin tsaro ne ya ɗora masa kayan:
wata na'ura za a saya wa soja,
mai jin numfashin waya daga nesa,
mai gane ɓarawon da ke shigowa ta iska,
ba sawu, ba ƙarar babur.
Masu mulki suka ce: sa hannu, dare na yi.
'Yan adawa suka ce: yaga ta, tarko ce.
Shi kuwa ya roƙi kwana bakwai.
Nan ya sami suna biyu a yini ɗaya,
matsoraci a dama, sayayye a hagu.
Masu cewa tsakiya inuwa ce ba su zauna ba.
Nan ne indararo biyu ke zuba.

Mun iso bayan isha'i, an ɗauke wuta.
Bai shiga gida ba, ya ce, Bagalam.
Can uwar Sajan Ila ke zaune kan tabarma,
wanda aka tare ayarinsu bayan Madarunfa
don wani ya riga kwamanda karanta saƙo.
Ta dama mana fura. Ba ta yi kuka ba.
Ta ce: in da abin da zai toshe wannan ɓarakar,
ku saya, ko da kuɗin likkafanina.

Da safe a bakin babbar kasuwa
Ɗan Ladi mai gyaran waya ya riƙe ƙofar mota:
Depite, kunnen nan da za ku saya,
in ya gama da daji, ina zai juya?
Ni fa kullum la'asar ina zagin manya
da shayi a hannu, kuma ban shirya dainawa ba.
Aka yi dariya.
Depite bai yi ba.

Ubansa maƙeri ne a Tibiri,
kwaɗo yake ƙera wa masu shago.
Ya taɓa gaya mini, muna jiran faci,
tsohon ba ya miƙa kwaɗo ga mai saye
sai ya ji wa zai riƙe mabuɗi na biyu.

Daren nan, gindin dalbejiyar ƙofar gida,
ya kira wani kanar, ina jin su:
Kamfanin nan na ƙetare,
ranar da muka ɓata da ƙasarsu,
zai iya rufe mana ido daga can?
Shiru ya yi tsawo, har sauro ya ƙoshi.
Kanar ya ce zai bincika.

Sai jan biron ya bar gefe, ya shiga tsakiyar shafi.
A saya, ya rubuta,
amma 'ya'yanmu su buɗe cikinta su gani,
su iya gyaranta ba tare da jiran jirgi ba.
Mabuɗi ɗaya a bariki, ɗaya wurin alƙali.
Duk wata shida mai kaki ya zo gaban kwamiti
ya faɗi wayar wa aka saurara, da dalili.
Ya karanta mini, ni da ban wuce aji huɗu ba,
ya ce, ka gane? Na ce rabi.
Ya soke layi biyu, ya sake.

Ko za ta wuce, Allah masani. Ƙuri'a sai Talata,
kuma ɓangarorin biyu sun wasa wuƙa.
Kafin Konni barci ya sace shi a baya,
takardar a ƙirji kamar jariri.
Na rage rediyo.
Na taɓa wayata a aljihu, na kashe ta,
na yi tafiyar kilomita goma haka,
sannan na kunna,
don Zuwaira ta ce za ta kira.