Bakan Da Kawu Nomau Bai Gama Ba

Damina biyu reshen dargaza ya yi a rataye
saman murhun Inna Tabawa, yana shan hayaƙi.
Kawu Nomau ya sare shi a bakin Mayo Luti
daren da wata ya ɓuya, ruwan itace ya kwanta.
Ya ce, "Ɗanye ba ya riƙe alkawari,
bar shi ya bushe, ya koyi gaskiya."

Bai jira shi ba.
Ranar wata Talata muka kai shi makwanci a bayan Gidar.
Na koma Garwa, gareji, baƙin mai har gwiwar hannu,
in ɗaura ƙafar babur, in kwance ta,
na ce ni da baka mun raba tafiya.

Sai Inna ta yo saƙo ta bakin direban Pitowa:
"Zo ka ɗauke sandan nan, yana ƙwala min kai
duk sanda na miƙe daga tuƙin tuwo.
Ko ka gama shi, ko ya dafa min miya."

Na sauko da shi, baƙi ƙirin, ba nauyi.
Gizagon Kawu ya san hannun da ba nawa ba,
saran farko ya zame, ya ɗanɗani yatsana.
Na ajiye shi, na ɗauki fasasshiyar kwalba
ina kankarar cikin kaɗan-kaɗan,
don ya sha faɗa, bakinsa cike da goro:
"Ka taɓa bayan baka, ka yanke masa jijiya."

Kwana tara.
Na shafe shi da man kaɗe, na gasa a garwashi,
na tanƙwara a gwiwa, kunnena a jikinsa
ina jiran in ji ko zai yi ƙorafi.
Gefe ɗaya ya fi taurin kai, irin na gidanmu.
Na rage. Na gwada. Na ƙara ragewa.
Fatar gada na jiƙa, na murza a cinya
har gashin wurin ya ƙare, ta zama tsirkiya.

Kyauro ashirin na yanko a fadama,
shida kaɗai suka yarda su miƙe.
Zurmba maƙeri ya dube ni ta cikin tartsatsi,
ya ce, "Wannan hancin na Nomau ne."
Ko dala bai karɓa ba.
Ya ƙera min baki shida masu kunne bibbiyu,
na naɗe wuyansu, na liƙe da ƙaro.
Dafi ban sa ba. Sirrin kwankwani yana ƙarƙashin ƙasa,
ban tambaya ba a lokacin tambaya,
tsirara na bar kowace kibiya.

Asuba, raɓa har gwiwa, gindin dutse.
Zabi bakwai suna tono a saurar gyaɗa.
Na ja har kunne. Kafaɗata ta yi rawa,
bakan bai yi ba.
Tsirkiya ta mari hannuna, fau!
Zabin suka tashi da shewa irin ta 'yan kasuwa,
kibiyar ta wuce su da kamu uku,
ta kafe a jikin kanya tana kaɗa wutsiya.

Na zauna a ƙasa.
Ba kuskuren ne ya zaunar da ni ba, ƙarar ce.
Wannan tum ɗin mai kauri
ita nake ji ta bayan darni ina yaro
in Kawu na gwada sabon aiki kafin rana ta fito.
Ran jana'iza idona ko ɗigo bai yi ba,
sai ga itace ya yi muryarsa, ya kwance min zuciya.

Na dawo hannu rabbana. Inna ta leƙa kwari,
ta ƙirga biyar, ta dubi jan shatin hannuna.
"Shi ma haka ya fara," in ji ta,
"sai dai shi akuyar maƙwabta ya samu."
Ta miƙo tuwo da kuka, ba nama.
Da la'asar na koma Mayo Luti da adda.
Yanzu wani reshen na can saman murhu,
yana ƙwala mata kai, tana ambaton sunana.
Damina biyu zan ba shi, in da rai da lafiya.