Mudu Uku na Gishiri

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinkin layu a Kumasi,
bakin rafin Subin, inda sauro ya fi ladan sammako.
Da jaki biyu na zo, da niyyar goro.
Jakunan suka mutu a kurmi, niyyar ta bi su,
basilla ce ta riƙe ni.

A unguwarmu harshe biyar ke faɗa kan rijiya ɗaya.
Napari ɗan Dagomba na ƙira,
Tinga na Moshi na saƙa,
Ekow Bentsil, mutumin bakin teku, na awon gishiri,
yana cika mudu har ya zube, don bai iya rowa ba.
Laima ɗaya ta rufe mu, ta mai kujerar Tonawa.
Mu biya abin da aka yanka, mu kwana.

Bana aka soma ƙirga mutane da tsagar fuska.
Daga kudu aka ce Turawa na saran hanya.
Samari suka shafa jar ƙasa,
suka koyi kalma ɗaya: ƙasarmu.
Da hantsi kalma ce kawai.
Kafin la'asar an yi mata ƙota.

Kwadwo Ntim ya zo,
yaron da na yanka wa takalminsa na fari,
ya shimfiɗa riga a gabana:
"Baba, cika ta. Kada ka bar inda harsashi zai zauna."
Arba'in da ɗaya na ɗinka, da jar fatar akuya.
Ban tambayi wa zai tunkara ba.
Baduku ƙirji yake aunawa, ba abin da ke ciki ba.

Daren Laraba suka dira gidan Ekow.
Wai an ga takarda cikin kayansa, wai ta teku ce.
Takardar bashi ce. Na san ta,
sunana na ciki: mudu uku, ban biya ba.
Suka ce ya rantse da harshensu. Ya rantse,
sai harshen uwarsa ya leƙo ta wutsiyar kalma.
Iyakar shari'ar ke nan.

Ina bayan ƙyaure, ido a kafa.
A hasken bakin wuta na gane ɗinkina,
layu na rawa a ƙirji duk sa'ad da hannun ya sauka.
Ko ɗaya bai tsinke ba.
Aikina yana da kyau.

Da asuba gishiri warwatse a tsakar gida,
ruwan sama ya zo ya lashe.
Araba, matarsa, ta tsinci mudun, ta kife a ka, ta fita,
ba ta dubi ƙofar kowa ba.
Fada ta aiko mai sanda ya ce ba da saninta ba,
ya faɗa da ƙarfi, idonsa na kan samarin.
Napari ya kashe wutar maƙera, ya yi arewa ba sallama.
Tinga ya ce mu baƙi ne, ina ruwanmu,
yana faɗa yana shafa gemu da jiƙaƙƙen hannu.

Jiya wani yaro ya taka min tabarma,
ya daɗe yana duban rubutun da nake naɗewa.
"Me wannan ya ce? Wa kake aika wa?"
Na ce addu'a ce.
Ya ce, "Haka kowa ke cewa."

Yaƙin bai iso ba tukuna.
Ana busa hauren giwa, ana awon albarushi,
riguna tara na jirana kafin Juma'a.
Sau uku zare na kuskure ido.

Mudu uku, Ekow.
Wa zan biya?