'Yata Tana Jami'a

Da sassafe, kafin tsuntsayen teku su gama gardama,
nakan wanke hannu sau uku da lemon tsami,
amma ƙarnin kifi ba ya jin rarrashi.
Sai in saɓa Rayen a wuya
mu gangara matakalan Valparaíso,
ɗari da arba'in da biyu.
Ita ke ƙirgawa,
gwiwata ke ba da shaida.

In Nibaldo ya hango ni daga cikin kwalekwale
ya ce, "Baldomero, ina mutuniyar?"
sai in gyara tsayuwa in ce, "Tana jami'a."
Dariya har igiya ta kuɓuce masa.
Shekararta huɗu.
To, ƙarya na yi?
Ƙofar da manyan ɗalibai ke bi da jakunkuna
ita take bi da jan takalmin roba
da gutsuren burodi a aljihu.

Tun farko takarda suka miƙo mini:
nawa kake samu a wata?
Na daɗe ina kallon layin.
Teku ba ya biyan albashi,
yau kwando ya cika, gobe ko na miya babu.
Matar da ke kan tebur ta ce, "Rubuta wanda ya fi yawan zuwa."
Na rubuta.
Ta buga hatimi, ko gira ba ta ɗaga ba.
Ranar ce rashi ya fara buɗe mini ƙofa,
shi da ya saba turo ta a fuskata.

Akwai wani faffaɗan madubi a ɗakin yaran.
Su fuskarsu suke gani,
a bayansa kuwa ɗalibai ne zaune cikin duhu,
littafi a cinya,
suna koyon yadda ake koyarwa.
Ran Laraba aka ce iyaye su zo su leƙa.
Na zauna can ƙurya,
na cusa hannuwana a aljihu
kada 'yar wani ta toshe hanci.

Sai ga Rayen ta baje yumɓu a tebur.
Ta murza, ta ja wutsiya,
ta huda ido da tsinke,
ta jera su shida-shida, layi huɗu.
Ta dubi wani yaro mai yoyon hanci ta ce,
"Dozin biyu ne, ga ɗaya gyara.
Kar ka taɓa, sai ka biya."
Muryata ce sak,
har da ɗan tarin nan da nake yi kafin in faɗi kuɗi.

Ɗalibar da ke gefena, Maite,
alƙalaminta sai gudu yake.
Can ta juyo, murya ƙasa-ƙasa:
"Wa ya koya mata wannan? Ba mu kai nan ba a aji."
Na buɗe baki, na rufe.
Ni da na bar makaranta a aji biyar,
ranar da babana ya rasa mai riƙe masa fitila a ruwa.
Na ce, "Kasuwa."
Ta ce, "A'a, sunan mutum nake so in rubuta."
Na faɗa mata.
Ta sa na maimaita, harafi bayan harafi,
sannan ta miƙo hannu.
Dole na zaro nawa daga aljihu.

Da yamma hawa ne, ba gangara ba.
Rayen ta ƙirga har tamanin da bakwai,
sai na ji kanta ya yi nauyi a kan nawa,
yumɓu ya bushe a yatsunta,
yana zubo mini cikin wuyan riga.
Na ci gaba da ƙirga daga inda ta tsaya,
a hankali, kada in tashe ta.

Gobe in Nibaldo ya tambaya
ban san ko zan gaya masa ba.
Zai ce wari ne ya bi ni har cikin littafinsu.